Hutun da Aka Ba Kakata

Kakata ta wajen uba ta dawo Kaduna da zama bayan ta fita takaba, cikin shekarun alif ɗari tara da saba'in, ina 'yar firamare. Daga wani ƙauye gaba da Rigachikun aka kawo ta, da akwatin ƙarfe, da naɗaɗɗiyar tabarma, da wata tsohuwar muciya da ta ƙi yarda a ɗaure cikin kaya. Muna zaune a kwatas ɗin ma'aikatan gwamnati, kusa da Kurmin Mashi. Gidaje ne a jere, fenti iri ɗaya, kowanne da ɗan kicin da risho a ciki, da famfo a baya. Da ta shigo sai ta tsaya a ɗan tsakar gidan, ta duba nan ta duba can, ta ce da ni, "Ke, ina murhunku?"

Na nuna mata risho. Ta sunkuya ta leƙa shi, ta shinshina, ta miƙe.

Ni yarinya ce mai kunya ƙwarai a lokacin. A aji, ko na san amsa, da malama ta nuna ni sai in sunkuyar da kai in kasa faɗa. Abin da na iya shi ne kallo. Kaka ta gane haka tun ranar farko, ta sa min suna Shiru-shiru, ta ce a shimfiɗa min a ɗakinta. Ban taɓa samun wanda zan zauna kusa da shi ba tare da ya matsa min in yi magana ba sai ita.

Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka tana jin kunyarsa irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. "Wancan" take ce masa, ko "mai gidan nan". Idan tana da magana da shi sai ta faɗa wa wanda yake kusa, ko da kuwa shi yana tsugune a gabanta. A gidanmu ni ce kusa, domin ƙannena maza ne ƙanana, ba sa zama wuri ɗaya. Kowace safiya, kafin ya tada besfa ya tafi ofis, Baba yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Inna, an tashi lafiya?"

Sai ta dubi bango ta ce, "Shiru-shiru, ki ce masa lafiya lau. Ki ce masa hularsa ta karkace."

Ba na maimaitawa, ba kuma a jira in maimaita. Zama kawai nake yi a tsakani, maganar ta bi ta kaina ta wuce. Baba ya gyara hula ya tashi.

Baba ya tashi yana ganin mahaifiyarsa cikin hayaƙi. A gidan kakanmu ita ce komai. Ita ke surfe, ita ke daka, ita ke bakace da tankaɗe, ta tuƙa tuwon masu noma, ta dama fura a kai gona, ta raini nata 'ya'yan da na dangi da aka bar mata. Da kanta take yin daddawarta, ta shanya kuɓewa da kuka a kan rufin rumbu. An ce babu baƙon da magariba ta yi masa a ƙofar gidan ya kwana da yunwa. Baba ya sha faɗa wa Mama cewa yana tuna idanunta jajaye, bayanta a sunkuye, kuma tun yana makaranta ya yi alkawari a ransa cewa ranar da ya fara ɗaukar albashi ta gama wahala. Saboda haka da ta iso ya kafa doka guda ɗaya: Inna ta zo hutu ne, kada a bari ta taɓa ko cokali.

Mama ta riƙe dokar nan da hannu biyu. Ita ma tana da nata dalilin. A unguwa irin tamu, inda katangar kowa ta yi gajarta, idan aka ga uwar miji da tsintsiya, kafin la'asar labari ya zagaya cewa surukar ta mai da tsohuwa 'yar aiki. Don haka da Kaka ta ɗauki tsintsiya sai ka ji Mama ta taho da sauri, ga ciki ya fara yi mata nauyi.

"Inna, kawo. Don Allah ki huta."

"Ɗan wajen nan ne kawai."

"Ai ni na isa in tsaya ina kallo? Kawo, Inna."

Sai Kaka ta sake mata, domin ba ta jayayya da suruka. Ta nufi wanke-wanke, a karɓe. Ta ɗauki tire za ta tsince tsakuwar shinkafa, a karɓe. Har butar alwala, da ta doshi famfo sai a tura ni in cika mata.

Hutun bai zauna mata ba. Takan zauna a tabarma, ta tashi, ta je bakin ƙofar gida ta leƙa titi, ta dawo, ta buɗe akwatinta ta sake ninke zannuwan da ta ninke jiya. Ta fita bayan gida ta tsaya ƙarƙashin mangwaro, ta koma ɗaki. Ko tana zaune yatsunta ba sa tsayawa, suna ta motsi a kan cinyarta kamar tana tsintar wani abu. Da la'asar abin ya fi tsanani. Da rana ta karkata, lokacin da a ƙauye ake ɗora sanwa, sai ta miƙe zumbur, ta ɗaure zani sosai a ƙugu, sannan ta tuna, ta tsaya a tsakiyar ɗaki da hannaye a sake. Ni ma sai in kasa karatu. Ina bin ta da ido daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa.

Abinci ma kaɗan take ci. Takan gutsuri tuwon Mama, ta ce Allah ya yi albarka, ta turo min kwanon a hankali. Sau ɗaya ta raɗa min cewa tuwon risho ba ya nuna har ciki, kuma tana jin kananzir a maƙogwaro. Ta ce in na faɗa wa wani za ta yanke min kunne. Wata rana kuma ta buɗe min tafin hannunta.

"Taɓa ki ji."

Na taɓa. Kantar da ta zo da ita ta fara saki, fatar ta yi laushi.

"Hannun jarirai," ta ce. "Da wannan za a kai ni kabari, a ce ga wadda ba ta taɓa ciyar da kowa ba."

Baba ya ga tana ramewa. Abin da ya fahimta shi ne hutun bai isa ba. Ya sayo mata kujera mai shimfiɗar yadi, ta ɗora carbinta a kai ta ci gaba da zama a ƙasa. Ya sayo ƙaramar rediyo, ta lulluɓe ta da ƙyalle don kada ta yi datti. Har ya fara zancen a nemo yarinyar da za ta riƙa yi mata fifita da tausa. Da ya kawo maganar a bakin ƙofa, sai Kaka ta ce, "Shiru-shiru, ki ce masa an gode." Ya tashi yana jin daɗi. Ni kuwa na ga yadda ta damƙe gefen tabarma.

A tsakiyar damina abin ya faru. Ranar an tashe mu daga makaranta da wuri saboda hadari, na iske Mama ta tafi awo asibiti da ƙannena, gidan babu kowa sai Kaka. Hadarin ya watse bai zubar ba. Tana ganina ta ja hannuna zuwa bayan gida.

"Ke, kina da baki?"

Na girgiza kai.

"Madalla. Ɗauko min duwatsun can."

Na jajibo duwatsu daga gindin katanga, ta jera su, ta gwada tukunya a kai, ta sauya ɗaya. Na tattaro busassun rassan mangwaro da ɓaraguzan akwatin katako da ke ƙarƙashin rumfa. Ta hura wutar da bakinta, kumatunta suka cika, hayaƙi ya tashi. Ban taɓa ganin jikinta da sauri haka ba. Ba ta auna komai. Ta ɗebi garin dawa da hannu ta yi talge, ta jira, ta saurari tukunyar da kai a karkace, ta ce, "Kin ji? Ta fara magana." Sannan ta ɗauko muciyarta, ta take gefen tukunya da tsumma, ta shiga tuƙi, kafaɗunta na juyawa, zufa na bin goshinta. Daga ƙasan akwatinta ta fito da ƙullin daddawa da kuka, ashe tun zuwanta suna nan. Har waƙa ta yi ƙasa-ƙasa. Ta kankare min ƙanzo ta ce in ci kafin ya huce.

Ba mu lissafa da hayaƙi ba. Ya haura katanga ya shiga layi. Matar maƙwabcinmu, wadda mijinta suke ofis ɗaya da Baba, ta leƙo ta kan katanga, ta gaishe da Kaka da fara'a, ta koma. Ita ce ta tari Mama a bakin layi.

"Sannu da dawowa. Ashe kin samu mai girki? Mu dai namu tsofaffin sai dai mu yi musu."

Mama ta shigo fuskarta a haɗe. Ta ga tuwo a kwashe, an jera malmala a kwano, an rufe da faifai. Ta durƙusa ta ce, "Inna, sannu da aiki," sannan ta tashi ta shige ɗaki. Na ji tana jan hanci.

Da Baba ya dawo aka ajiye masa abinci. Ina gefe ina kallo. Ya yi loma ɗaya, ya tsaya, hannunsa a sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya ci gaba da ci, bai ɗago ba sai da ya sharɓe kwanon tas, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya wanke hannu ya shiga wurin Mama. Ɗakunan kwatas ba sa riƙe magana.

"Wa ya bar ta ta shiga hayaƙi?"

"Ba na nan. Awo na je."

"Abu ɗaya na roƙa a gidan nan. Ɗaya."

Mama ta fashe da kuka. Kaka tana zaune a bakin tabarma, tana jin komai. Ta dubi hannayenta, ta tura su ƙarƙashin mayafi.

Washegari ta sa aka aika wa Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Rigachikun, cewa ta zo ran Lahadi ta ɗauke ta. Ta ce da ni ba ta zo Kaduna don ta haɗa miji da mata ba. A can gidan Gwaggo akwai turmi, akwai awaki, babu mai karɓe mata tsintsiya.

Kwanakin nan ban san abin da aka koyar a makaranta ba. Ina dawowa zan tarar wani abu ya ɓace daga ɗakin. Yau ƙwaryar da take rataye a ƙusa, gobe faifai, jibi ɗan madubin da take sa kwalli. Ta ba ƙannena kujerar yadin su yi wasa. Ta daina zirga-zirga, ni na karɓa. In fita bayan gida in dubi duwatsun da Mama ta watsar, in dawo, in tsaya a ƙofar falo inda Baba yake karanta jarida, in buɗe baki, in rufe, in wuce kamar ruwa na zo sha. Na san abin da take so. Na san Mama ba za ta faɗa ba, don kada a ce tana neman mai taya ta aiki. Kaka ba za ta faɗa ba, don ba a roƙon ɗan fari. Baba kuwa ba zai tambaya ba. Ya riga ya yanke a ransa cewa birni ne bai karɓe ta ba, kuma laifinsa ne da bai iya hutar da ita yadda ya kamata ba.

Ran Lahadi da hantsi an kwana ana ruwa, tsakar gida duk laka. Akwatin Kaka yana bakin ƙofa, an ɗaure tabarma a kai. Baba ya zo ya durƙusa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ina zaune a wurina, tsakaninsu. Mama tana ƙofar kicin ta ba mu baya, tana goge kwanon da ya riga ya bushe.

"Inna, idan wani abu aka yi miki a gidan nan, a yafe mana."

"Ki ce masa ba a yi min komai ba sai alheri."

"Idan ɗakin ne ya yi ƙanƙanta, sai mu koma nan, ki koma namu."

"Ki ce masa ɗaki ya ishe ni."

"Na yi magana a kan yarinyar nan mai aiki. Gobe ma za a iya kawo ta. Ba za ki ƙara ɗaga ko tsinke ba, na yi alkawari."

Kaka ta dubi bango. Na ga muƙamuƙinta ya motsa. Can ta ce, "Ki ce masa an gode."

Baba ya fara yunƙurin tashi. Ina kallon takalminsa, laka ta manne a gefe. Ban ɗago kai ba, takalmin na yi wa magana.

"Baba, ba hutu take so ba."

Ya koma ya durƙusa. "Me kika ce?"

"Murhu take so. Da turmi. Hutun ne yake sa ta rama." Murya ta fara guduwa, na kamo ta da ƙyar. "Ranar da ta yi tuwo ta cinye nata duka. Har waƙa ta yi."

"Ke, wa ya aike ki?" in ji Kaka. "Dama kina da baki kike cutar mutane?"

Amma ba ta ce ƙarya nake yi ba. Baba ya jira ta faɗa, ba ta faɗa ba. Ta juya fuska bango sosai, tana gyara bakin mayafi. Ya dubi hular da ke hannunsa, ya jujjuya ta.

"Inna, hayaƙin nan fa shi ya cinye miki ido."

"Ki ce masa idona yana ganin ramin allura. Ki tambaye shi, shi da yake sa gilashi, wa hayaƙi ya cinye?"

Wani ɗan sauti ya kuɓuce wa Mama, ta rufe baki da kwanon. Sannan ta juyo, ta matso, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ni wallahi ba ƙi nake yi ba. Bakin mutane nake tsoro. Za a ce na ajiye ki ina mora."

Da ita Kaka takan yi magana kai tsaye. "Yarinyar nan, mai faɗa ya zo ya faɗa a gabana. In zuba masa tuwo, bakinsa ya samu abin yi. Ke ki riƙe rishonki, ki yi shayinku da shinkafarku. Ki bar min tuwon dare. Ga ki da ciki, nan gaba wa zai dafa miki ruwan wanka? A wannan abin mai warin kananzir za a dafa?"

Mama ta sunkuyar da kai. Baba ya miƙe. Ya sa hula, ya fita, muka ji tashin besfa.

Gwaggo ta iso kafin ya dawo, a motar da mijinta ya roƙo. Ta ga akwati a ƙofa ta ce a ɗauka, Kaka ta ce a dakata tukuna. Gwaggo ta dube ni, ta dubi Mama.

"Wai me ake ciki? Na share ɗaki, na sa an yanka kaza."

"Ki je ki ci kazarki," in ji Kaka. "Ko ki zauna ki jira tuwo."

Wajen azahar sai ga Baba a hankali a kan besfa, mai amalanke na biye da shi, da lodin itace, da sabon turmi da taɓarya a kai. Duk layin aka fito kallo. Matar maƙwabcinmu ma tana ƙofarta. Mama ta fita da kanta, ta gaishe ta, ta nuna wa mai amalanken hanyar bayan gida. Kaka ta zagaya turmin, ta ƙwanƙwasa cikinsa, ta ɗaga taɓarya ta ji nauyinta. Ta zaro itace ɗaya ta kankare da farce, ta shinshina.

"Shiru-shiru, ki ce wa wancan an cuce shi. Ɗanye aka sayar masa."

Baba yana tsaye a bayanta. Ya juya da sauri ya shiga gida, kafaɗunsa na girgiza, ban sani ba ko dariya yake yi.

Itacen kuwa ɗanye ne. Ranar mun sha hayaƙi har ƙannena suka gudu gidan maƙwabta, tuwon bai sauka ba sai da aka kira magariba. Gwaggo ta ci tana mita, ta ce an sa ta asarar man mota, ta tafi da malmala a kwano don mijinta.

Kaka ta zauna da mu har ƙarshen rayuwarta. Ita ta dafa wa Mama ruwan jego, ta dama mata kunun kanwa. An sha kawo ƙorafi a kan hayaƙi da ƙarar daka, Baba ya sha ba da haƙuri, sau ɗaya ma sai da aka matsar da murhun can ƙarshen katanga. Matan layin da suka fara da gulma suka koma aiko yara da kwano a sam musu daddawa. Ita da Mama ba su daina ɗan saɓani ba, yawanci a kan gishiri. Da ƙarfinta ya ragu sai ta riƙa zama a kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni, ni ina tuƙi, tana cewa hannuna kamar na mai jin barci. A shekarar da na shiga sakandare ta kwanta ciwo. Da aka zo kai ta asibiti, an riga an sa ta a mota, ta sa aka tsaya, ta kira Mama ta taga ta ce akwai dawa da ta jiƙa a bayan randa, a tsame kafin ta yi tsami.